Mangwaro a Gonar Aro

Ruwan farko na bana ya sauka a Maiduguri da yamma, bayan wata iska da ta kusa ɗauke mana kwanon ɗakin girki. Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gida ina shaƙar ƙamshin ƙasa, sai ga ɗana Umaru ya tsayar da Keke Napep a ƙofa, an loda mata dashe a baƙaƙen ledoji har da ƙyar ake ganin direban. Mangwaro ne da gwaiba da zogale da lemun tsami. Wai abin da ake koya wa manoma yanzu ke nan, kada a bar gona tsirara, a sa itatuwa a cikin hatsi, ƙasa ta samu inuwa da taki, mai gona kuma ya samu abin kai wa baki ko da damina ta yi gardama.

Ban san lokacin da na ce masa, "Ka dai tambayi mai gonar ko?" ba.

Ya yi dariya har yana dafa bango. "Hajiya, wane mai gona kuma? Gonar da na saya da gumina?"

Na ce ya yi dariyarsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni na ga shekarar da 'yan tsirran mangwaro da ba su fi kamu ɗaya ba suka kusa raba mu da abincinmu.

Mu Fulani ne. A daji aka haife ni, a daji aka yi mini aure, fari ne ya shigo da mu gari. Shanunmu suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da maigidana, wanda nake kira Malam, ya jingine sandarsa ya ce babu sauran abin kora. Muka kama ɗaki a unguwar Wulari, ni da shi da yaranmu biyu da mahaifiyarsa, Inna. Abin da ya biyo mu na dukiyar duniya 'yan awaki ne da ƙoran nonon Inna, waɗanda take jerawa a kusurwar ɗaki tana gogewa duk da babu ko ɗigon nonon da za a zuba musu.

Gonar kuwa ta Ba Modu ce, wani Babarbare mai sayar da huluna a unguwar Shehuri. Gonar gado ce a hanyar Alau, ba nisa da kogin Ngadda. Lokacin da muke da shanu, duk kaka a nan muke sauka, shanu su ci kara su bar masa taki. Da ya ga Malam a kasuwar shanu yana kora dabbobin wasu don ya samu na cefane, sai ya ce ya je ya noma ta. Aro ne. Kafin ruwa ya sauka Malam zai je Shehuri ya sake tambaya, da kaka kuma ya kai damin gero na godiya.

Tsakanin Bafulatani da Babarbare kowa ya san sai wasa, Ba Modu kuwa ba ya gajiya. Tun daga nesa zai ɗaga murya: "Kai, Fulata! Ka gane ta ina ake riƙe fartanya, ko har yanzu kana neman wutsiyarta?" Malam mutum ne mai sanyi, murmushi kawai yake yi. Inna ce ke rama masa. "Ai dole ka iya noma," in ji ta, "tunda tun kana jariri aka nome maka fuska." Ba Modu ya shafa zanen kumatunsa ya tuntsire da dariya.

Gaskiya noman Malam na shekarar farko abin dariya ne. Maƙwabta suna sassabe, su tara su banka wuta, gona ta fito fes. Shi kuwa ya kasa. Ya kai gatari kan tsiron gawo ko magarya sai ya fasa, ya ce awaki na ci. Sai dai ya rage musu rassa ya bar su tsaye. Aka sa wa gonar suna dajin Fulani. Ba Modu bai ce komai ba a kan wannan, don itatuwan da Allah ya shuka ne. Abin da muka girbe bai kai mu ko'ina ba, tun kafin bazara ta kankama buhu ya kwanta.

A bazarar nan azumi ya kama. Zafin Maiduguri ba a ba wa wanda bai sani ba labarinsa, zai ce ƙari aka yi. Iska ta taso kamar an buɗe murhu, tabarma ta yi zafi, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Da rana sai mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ƙayau. Bayan sahur nake fita da bokiti in bi layin famfon bakin titi, wani lokaci ya zo, wani lokaci ya yi ta tari babu ko ɗigo. In na dawo in shiga gidajen maƙwabta in yi dakau, a sallame ni da tsaki da 'yar dusar awaki. Da tsakin nan nake dama kunun buɗa baki, tsululu, kana hango gindin kwano. Ranar da wata maƙwabciyarmu ta aiko da burabisko, yara har rawa suke yi. Ranar da ba a aiko ba, kwaɗon busasshen zogale ne, a kora da ruwa a ce alhamdu lillahi.

Lokacin mangwaro ne kuma, ya cika kasuwa, mu dai sai ƙamshi. Inna ta ɗauki wata sabuwar sana'a. Duk inda ta ga an sha an yar da ƙwallo sai ta tsince, ta ƙulle a bakin zane. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Rannan na shigo na tarar ta sauke ƙoranta, ƙoran da ko ni ba ta yarda in taɓa ba, tana huda musu gindi da ƙusa. Ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta binne ƙwallayen.

Na ce, "Inna, ƙoran nono?"

Ta ce, "Ina nonon?"

Ruwan ba su kuwa dabara ta yi. Ta kafa doka, duk mai alwala a gidan nan a kan ƙoran zai yi. Ko Malam ya ɗauko buta sai ka ji ta ce, "Matso nan, kada ka zubar mini da ruwa a banza." Haka muka yi azumin nan, leɓɓanmu sun tsage, ƙoran Inna suna shan ruwa sau biyar a yini. Kafin Sallah suka tsiro, da 'yan ganye jajaye masu laushi. Ta kan zauna ta zuba musu ido. Wata rana ta ce mini, "Tun ina yarinya nake wuce itatuwan mutane. Na zauna a inuwa ke nan shanu sun yi gaba, sai in tashi. Yanzu da Allah ya zaunar da ni, ina so in ga inuwar da ta san ni." Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma daina yi mata kallon mai ruɗewa.

Bayan Sallah hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, aka kwana ana ruwa. Da safe muka ɗunguma gona. Malam yana gaba yana sara, ni da yara muna bin sa muna jefa iri muna rufewa da diddige, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsu. Inna ta riƙa ɗauko ƙoranta a ka tana dasawa a gefen gona. Kowane tsiro ta kewaye shi da ƙayar magarya saboda awaki, ta barbaɗa toka saboda gara, ta binne tsagaggen tulu a gindinsa yadda in an cika shi zai riƙa tsatsafowa a hankali. Gero ya tsiro, muka yi noman farko, sai ruwa ya ɗauke ƙafa. Ganye ya fara naɗewa da rana. Ni da Inna muka koma jigilar ruwa daga kududdufan da suka rage a Ngadda muna cika tulunan.

Maƙwabtan gona suna wucewa su tsaya su duba, su ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna," su kau da kai. Mu muka ɗauka yabo ne.

Ana nan sai ga Ba Modu a kan kekensa. Ya jingine shi a jikin gawo, ya bi gefen gona yana duba tsirran ɗaya bayan ɗaya, hannayensa a baya. Inna ta gyara tsayuwa tana jiran ya tsokane ta. Sai ya zo ya ce, "Salamu alaikum, Malam. Ina gajiya? Ya iyali? Inna, barka da aiki." Ya hau kekensa ya tafi. Muka kalli juna. Ranar da Babarbare ya gaishe da Bafulatani da ladabi haka, to akwai magana.

Washegari na yafa mayafi na tafi Shehuri wajen matarsa, Ya Falmata. Ta tarbe ni da "Wushe, wushe, 'yata," ta shimfiɗa mini tabarma, ɗakin yana ta ƙamshin turaren wuta. Ban iya dogon zagaye ba, na tambaye ta laifin da muka yi.

Ta riƙe haɓa. "Au, da gaske ba ku sani ba? 'Yata, gonar aro ana shuka mata abin da za a girbe a tafi ne. Gero, wake, gyaɗa. Itace kuwa ba ya tafiya. Wata rana Ba Modu ba ya nan, mijinki ba ya nan, jikanki zai tsaya ya ce kakata ce ta dasa wannan. A nan kuwa wanda ya dasa itace shi ake ɗauka mai ƙasa. Ƙannensa sun zo nan suna ta faɗa, sun ce Fulani za su ci gonar gado da wayo. Sun kai magana wajen Bulama, wato mai garin ƙauyen, ranar Juma'a za a haɗu a gonar a karɓe ta."

Na ce, "Da geron a ciki?"

Ta ce, "Da geron a ciki."

Ta ina za mu san wannan? Mu da ba mu taɓa dasa ko tsinke ba, ba mu taɓa zama wuri guda har mu ga abin da muka bari ya girma ba. Daga Shehuri zuwa Wulari ban san yadda na taka ba. Geron nan shi ne kaɗai abin da ke tsakaninmu da bara.

Da Malam ya ji, ya ce da asuba zai je ya tumɓuke su duka ya watsar a kogi.

Inna ta ce, "Taɓa su ka gani."

"Inna, yara za su ci mangwaron da bai kai gwiwa ba ne?"

"In ka tumɓuke a ɓoye, ka gaya musu da ma da niyya muka yi, an kama mu ne muka ji kunya. Abin da aka yi da rana, da rana ake gyara shi."

Malam ba ya musu da mahaifiyarsa, ya ɗauki buta ya fita. Ni kam na ji haushinta ba kaɗan ba, na ce a raina tsohuwar nan za ta sa mu kwana da yunwa saboda inuwar da ba lalle ta zauna a cikinta ba. Surukuta ta hana ni buɗe baki, sai na huce a kan turmi.

Ranar Juma'a da hantsi aka taru. Ga Bulama da sandarsa, ga Ba Modu cikin babbar riga fara ya yi shirin masallaci, ga ƙannensa sun haɗe rai, ga maƙwabta sun bar fartanyoyinsu sun zo kallo. Rana ta riga ta yi zafi, geron ya kai gwiwa, ya yi laushi yana jiran ruwa. Babban ƙanen ya yi magana mai tsawo, rabi da Barbarci rabi da Hausa. Malam ya sunkuyar da kai ya ce wallahi rashin sani ne. Ƙanen ya ce kowa ma haka yake cewa.

Sai Inna ta fito daga cikin jama'a. Ta je wajen tsiron farko, ta janye ƙayar, ta durƙusa ta tona da hannu a hankali har ta ɗago shi da ƙasarsa. Ta sa shi a ƙwarya, ta zo gaban Ba Modu ta miƙa masa.

"Ungo. Yanzu babu itacen Bafulatana a nan wurin. Na ba ka kyauta a gaban Bulama. In ka so ka jefar, in ka so ka dasa da hannunka a gonar ubanka."

Ba Modu ya riƙe ƙwarya, ya dubi tsiron, ya dubi ƙannensa.

Sai Inna ta ce, "Ko dai Babarbare bai iya durƙuso ba ne, sai cika baki a kan keke?"

Wani daga baya ya fashe da dariya. Na ga gemun Ba Modu yana rawa, yana ta ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. "Ni? Ni za ki koya wa dashe, ke da jiya-jiya kika fito daga bayan saniya?" Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya durƙusa a bakin ramin, ya saka tsiron, ya tura ƙasa ya danna da tafin hannu.

Bulama ya ɗaga sanda. "Jama'a, hannun wa ya dasa?"

Aka amsa, "Hannun Ba Modu!"

Ƙanen ya ce, "To sauran fa?"

Inna ta ce, "Ai duka zai dasa. Yau zai san noma ba a baki yake ba."

Haka aka bi gefen gonar nan kaf. Inna tana tonowa, Ba Modu yana mayarwa, Bulama yana tambaya, jama'a suna amsawa kamar masu amshin waƙa. Hularsa ta faɗi, farar riga ta koma ja, gumi yana ɗiga ta gemu, shi da Inna ba wanda bakinsa ya huta. Kafin a kai ƙarshe har ƙannen suna dariya. Da ya miƙe daga na ƙarshen, riƙe da ƙugu yana salati, sai ya juyo wajen Malam.

"To, na dasa. Wa zai ba su ruwa? Ni zan riƙa ɗauko tulu daga Shehuri? Kai, Fulata, saurara da kyau, Bulama shaida ne. Kada ka ƙara zuwa ƙofata kana sosa ƙeya kana tambayar gona. Tana hannunka har ranar da na sha mangwarona. Ranar nan sai ka ba ni abata."

Da na ji ya ce Fulata, hawaye suka zubo mini. A hanyar gida Inna tana ta dariya ita kaɗai. Na tambaye ta, ta ce, "Mangwaron ƙwallo ne fa. Sai ya ga dama yake haihuwa."

Ba a jima ba ruwa ya dawo, geron ya miƙe, muka ci tumu a shekarar har muka gode wa Allah. Tsirran kuwa tonon nan ya wahalar da su, wasu suka bushe, gara ta ci wasu, kaɗan suka rayu. Itatuwan mangwaro na yanzu masu aure ne, ba na ƙwallo ba, tun suna gajeru suke fara 'ya'ya, ga injin ban ruwa. Namu sai da ya ja mu shekara da shekaru. Kowace bazara da tulu a ka, kowace damina a gyara ƙaya. A tsakanin nan gonar ta canza. Gawon da Malam ya ƙi sarewa ya girma, yana zubar da ganye da damina, geron gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. Kara ba ma ƙonewa, a nan muke barin sa ya ruɓe, mu kwaso kashin awaki daga Wulari mu zuba, mu sa wake a tsakanin gero. Ƙasar da take fara kamar toka ta fara yin duhu. Yaran da muka zo da su suka shiga makaranta, aka haifi Umaru, Inna ta fara dogara sanda. Ita ce ta fara shimfiɗa buzunta a gindin babban cikin itatuwan mangwaron, tun inuwar ba ta gama rufe mata ƙafa ba.

Sai wata shekara itacen ya yi fure, ya ɗauki 'ya'ya. Maimakon murna, gabana ya faɗi, don ban manta sharaɗin ba. Na ce da Malam mu bar yara su shanye abinsu, wa zai sani? Inna ta harare ni. "Itacen mutum ne. Da bakina na ce na ba shi."

Da suka nuna ta sa aka tsinko, ta wanke su da kanta ta jera a ƙwarya. Muka tafi Shehuri mu uku. Ni dai ina ta tunanin inda za mu sake samun gona, mu fara daga farko da tsufanmu ya fara leƙowa.

Ba Modu ya tsufa shi ma, ya bar wa 'ya'yansa kasuwa, yana zaune a zaure. Malam ya ajiye ƙwaryar a gabansa ya ce, "Ba Modu, ga mangwaronka. Alkawari ya cika."

Ya ɗauki ɗaya ya murza, ya huda da sauran haƙoransa ya tsotse. Ƙamshi ya cika zauren. Ruwan yana bin gemunsa har gwiwar hannu, ya lashe yatsu, ya ɗauki na biyu, ya bi da na uku, sai da ya bar ƙwallon fari tas. Muna zaune muna jira. Sannan ya yamutsa fuska.

"Tsami! Kai, Fulata, wannan ne mangwaron? Haƙorana sun mutu. Ni mai zaƙi na dasa. Ku koma ku ci gaba da ba shi ruwa, a kawo mini na baɗi in gani."

Inna ta ce, "To miƙo sauran, tunda da tsami."

Ya janye ƙwaryar ya tura bayansa. "A'a, bar su nan, kada su ɓata wa yara ciki."

Malam ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya yake yi ko kuka. Ni duka biyun na yi. Baɗi muka kai, ya shanye ya ce da tsami. Baɗin baɗaɗa ma haka. Har Allah ya karɓi ran Ba Modu, mangwaron nan bai taɓa yin zaƙi a bakinsa ba.